Birki Kafin Inji: Yadda Ake Shirya Motar Gudu Domin Ranar Fili

A yammacin Jamus, cikin tsaunukan Eifel, akwai wani filin tseren motoci da ake kira Nurburgring. Tun 1927 aka buɗe shi. Zagayensa na arewa ya kai kilomita 20.8, cike da kwanoni da hawa da gangara, kuma a nan ne motar Niki Lauda ta kama da wuta a 1976, ya tsira da ƙyar da tabon ƙuna a fuska. Duk da wannan tarihi, akwai ranakun da duk mai lasisin tuƙi da mota mai cikakkun takardu zai iya biyan kuɗi a ƙofa ya shiga ya zaga. Malamin makaranta da akawun banki da ɗalibin jami'a, kowa da motar da ya zo da ita daga gida.

Wannan al'ada ta yaɗu a Ingila da Amurka da Japan da Afirka ta Kudu, kuma ana iya kiran ta ranar fili: rana ce da masu filin tsere, ko wata ƙungiya da ta yi hayar filin, ke buɗe shi ga mutanen gari su tuƙa motocinsu iya gudun da za su iya. Ba gasa ba ce. Babu kofi, babu na ɗaya, babu na kashin baya. A Ingila ma galibin masu shirya ranar sun haramta auna lokaci da agogo, domin da zarar an fara ƙirga daƙiƙu, lamarin ya tashi daga koyo ya koma tsere, kuma inshorar da ta rufe taron ba ta tsere ba ce.

Sabon shiga kusan kullum da tambaya ɗaya yake zuwa: me zan ƙara wa injin? Waɗanda suka daɗe a harkar kuwa ba daga nan suke farawa ba. Abin da ke mayar da mutum gida da rana tsaka, ko ya kai shi asibiti, da wuya ya zama ƙarancin ƙarfin inji. Zafi ne, da birki, da taya, da direban kansa.

Wace mota?

Idan ana neman misali ɗaya da za a bi, to Mazda MX-5 ce, wadda Amurkawa ke kira Miata. A 1989 aka fara nuna ta a baje kolin motoci na Chicago, kuma a 2016 kamfanin ya ƙera ta miliyan ɗaya. Ƙarama ce, kujeru biyu, rufin tamfol da ake naɗewa, injin lita 1.6 a samfurin farko mai ƙarfin dawaki kusan 115. Wannan ƙarfi bai kai na motocin iyali da yawa na yau ba. Amma nauyinta bai kai tan ɗaya ba, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma nauyin ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Mota mara nauyi ba ta cin birki da taya kamar mai nauyi, kayan gyaranta na da araha, kuma idan direba ya yi kuskure, a gudu kaɗan zai yi shi. Shi ya sa ta cika filayen Ingila da Amurka, har ta samu rukunin tsere nata na kanta a Amurka.

Duk abin da za a faɗa a ƙasa ya shafi kowace motar gudu, amma a riƙe wannan ƙaramar a zuci.

Kafin a sayi komai, bakanike ne zai fara shiga ƙarƙashinta. Motar da ke ɗigar baƙin mai, ko boris ɗin tayarta na kuka, ko robobin ƙafafunta sun tsattsage, ba ta da abin yi a fili. A kan titi irin wannan lalura na iya jan wata shida ana lallaɓawa. A fili minti ashirin ya ishe ta ta fashe. Ɗigon mai kuma ba matsalar mai motar kaɗai ba ce, domin wanda ke biye da shi ne zai taka ya sulale. Ƙungiyoyi da yawa a Amurka na ba da takardar duba lafiyar mota da za a cike kafin ranar: batir a ɗaure tamau, fitilun birki na kamawa, sitiyari ba ya wasa, babu tsaga a tiyon ruwa.

Birki, da lissafin da ke bayansa

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya koma zafi. Ga lissafi mai sauƙi. Mota mai nauyin kilo 1,000 da ke gudun kilomita 160 a awa, idan aka rage ta zuwa 80 domin shiga kwana, zafin da birki zai haɗiye ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita biyu. Cikin daƙiƙu uku ko huɗu ake yin wannan, kuma a kowane zagaye sai an maimaita sau da dama. Wani abu kuma: idan gudu ya ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Ke nan duk wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi bai taɓa birki ba, ya ƙara wa birkin aiki.

Hanyoyi biyu ne birki ke gajiya, kuma yana da kyau direba ya san bambancinsu da ƙafarsa.

Na farko, takalmin birki ya yi zafi ya wuce iyakarsa. Feda tana nan da tauri, ana takawa, amma motar ba ta tsayawa yadda ta saba, ga wari na tashi. Maganinsa takalmin da aka yi domin zafi mai yawa. Sai dai yana da nasa haraji: irin na tsere zalla ba ya kamawa sosai idan yana da sanyi, yana ƙara, yana cin faifan birki, yana baɗe wili da baƙar ƙura. Mai motar da zai koma da ita wurin aiki ranar Litinin gara ya nemi na tsaka-tsaki, ko ya riƙa musanyawa. Sabon takalmi kuma sai an gasa shi tukuna, wato a yi ta taka birki daga gudu mai yawa zuwa kaɗan sau da dama ba tare da tsayawa cak ba, har fuskarsa ta zauna a kan faifan.

Na biyu ya fi ban tsoro: man birki ya tafasa. Ruwa-ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa feda ke iya tura ƙarfin ƙafa zuwa tayoyi. Tururi kuwa yana matsuwa. Da man ya tafasa, sai feda ta yi laushi, ko ta nutse har ƙasa, a daidai ƙarshen miƙaƙƙen titi inda aka fi buƙatar ta.

Ga inda lambobin da ke jikin gwangwani ke da amfani. Ƙa'idar Amurka da duniya ke bi ta ce sabon man DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Amma waɗannan mayuka na zuƙar laimar iska a hankali, kuma idan ruwan da ke ciki ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 da 155 da 180. Wato man da ya shekara uku a mota ba shi ne wanda aka zuba ba. Akwai mayukan tsere, irin su Motul RBF 600 da Castrol SRF, da ke jure sama da digiri 300 idan sababbi ne. A kula da DOT 5 mara ɗigo: wani sinadari ne dabam, ba a gauraya shi da sauran, duk da lambarsa ta yi kama da ta 5.1.

A ganina, babu kuɗin da ke sayen lafiya a wannan harka kamar na gwangwanin man birki. Shi ne mafi araha a jerin, kuma shi aka fi mantawa, domin ba a ganin sa a hoto.

Taya

Duk ƙarfin inji da na birki da na sitiyari ta wuri huɗu yake isa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Abu na farko da za a duba shi ne shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Masu karatu a Najeriya sun san wannan lamba, domin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana wa'azi a kanta saboda tayoyin gwanjo. Roba na bushewa ko da zanenta bai cinye ba.

Abu na biyu iska. Taya na ɗaukar zafi a fili, iskar ciki ta kumbura, geji ya hau sosai bayan zagaye kaɗan. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, sai mota ta fara santsi. Don haka a fili ana auna iska ne taya na da zafi, da an fito, a rage ta zuwa inda ake so. Geji mai kyau ya fi wasu kayan ƙawa masu tsada amfani.

Akwai tayoyi masu laushin roba da ke manne wa kwalta, kuma sabon shiga na ɗokin su. Malaman tuƙi da yawa na hana shi a farko. Tayar titi tana kuka kafin ta saki, tana sulalewa a hankali, direba ya ji ya koya. Mai manne wa kwalta takan riƙe har zuwa gudun da idan ta saki, wanda bai ƙware ba ba zai iya tarowa ba. Ta kuma ƙara wa birki da boris da ƙafafun mota wahala.

Gyaran da ya fi sauya halin mota da kuɗi kaɗan shi ne saitin ƙafa. Idan aka ɗan karkatar da saman tayoyi zuwa ciki, to a kwana, lokacin da jikin mota ya kwanta gefe, tayar waje za ta zauna daram a kan faɗinta maimakon ta ci gefe. MX-5 na ba da damar wannan saiti tun daga kamfani. Shokozoba da sifirin masu tauri na zuwa daga baya, kuma sauke mota ƙasa sosai domin ta yi kyau a ido sau da yawa lalata tafiyarta yake yi.

Ruwa da mai

Injin da aka ƙera domin titi bai saba da a danne masa totur minti ashirin ba hutawa ba. Lagireto mai tsatsa, ko fanka mai wasa, nan take za su tona kansu. Ana yin juye kafin ranar, a cika baƙin mai zuwa layin sama, a riƙa dubawa bayan kowane zango. Dalilin cikawar: a doguwar kwana mai yakan taru a gefe ɗaya na kaskon da ke ƙarƙashin inji, famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙu kaɗan na haka sun isa su kashe inji. Masu tayoyi masu manne wa kwalta kan sa wa kaskon shinge a ciki domin ya tare man. A tsofaffin MX-5 an san silindar baya ta fi sauran zafi, har masu gyara suka ƙirƙiro hanyar sauya bin ruwan domin ya ratsa injin gaba ɗaya.

Abin da ke kare rai

Hular kwano wajibi ce kusan ko'ina. A Amurka ana neman mai tambarin Snell, gidauniyar da aka kafa a 1957 bayan wani ɗan tseren sa-kai, Pete Snell, ya mutu a 1956 lokacin da motarsa ta kife hularsa ta kasa kare shi. Gidauniyar na sabunta ƙa'idarta duk shekara biyar. Mai harafin SA ta mota ce, cikinta ba ya saurin kama wuta. Mai harafin M ta babur ce.

Ga mota mai rufin tamfol kamar MX-5, ƙungiyoyi da yawa ba sa barin ta shiga sai an ɗaura mata baka na ƙarfe a bayan kujeru. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: direba ya zauna da hularsa, a ɗora sanda daga saman ƙarfen zuwa saman gilashin gaba. Idan hular ta taɓa sandar, ba a ci jarrabawa ba.

A nan ne mutane ke yin kuskure mafi haɗari, kuma da kyakkyawar niyya. Kayan kariya ƙungiya ce, ba a ɗaukar ɗaya a bar saura. Ɗamarar tsere mai igiya huɗu ko shida tana manne mutum a kujera a miƙe. Idan mota ta kife babu ƙarfen da zai tare rufi, mutumin ba zai iya karkacewa ba, kansa ne zai zama ginshiƙi. Idan kuma karo aka yi gaba da gaba, jiki ya tsaya cak, kai mai ɗauke da nauyin hula ya ci gaba da tafiya. Irin wannan rauni na gindin ƙoƙon kai ne ya kashe Dale Earnhardt a tseren Daytona a Fabrairun 2001. Na'urar HANS, wadda ke ɗaure hula da kafaɗu, tana nan tun shekarun 1980, direbobi na ƙin ta. Sai bayan wannan mutuwa hukumar tseren NASCAR ta wajabta na'urar riƙe kai a wannan shekarar, Formula 1 ta bi baya a 2003. Saboda haka ko dai a bar bel ɗin kamfani da jakar iska yadda suke, ko a yi aikin gaba ɗaya: ƙarfe, kujera, ɗamara, da abin riƙe kai. Shi kansa ƙarfen, idan babu soso a jikinsa, haɗari ne a kan titi ga kan da babu hula.

Inji, ƙara, da doka

Sai yanzu aka zo kan inji, kuma abin faɗa kaɗan ne. Ana danganta wa Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ra'ayin cewa ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙen titi kawai yake amfani, rage nauyi kuwa ko'ina. Cire safaya taya da jak da tarkacen but kyauta ne.

Wanda ya sauya salansa kuwa zai haɗu da na'urar auna ƙara. A Ingila ana ajiye ta rabin mita daga bakin salansa, a ɗaga inji zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakarsa, kuma yawancin ranaku iyakar tana tsakanin desibel 98 da 105. Wanda ya wuce, ya yi asarar kuɗin shigarsa. Ba tsaurin banza ba ne. A 2009 maƙwabtan filin Croft da ke arewacin Ingila sun yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara, aka taƙaita ranakun hayaniya a filin zuwa 40 a shekara. Mutanen ƙauye kaɗan suka tanƙwara kasuwanci mai ƙarfi ta hanyar shari'a, kuma sauran filaye sun ɗauki darasi.

A Jamus, gyaran da ba shi da takardar amincewa, ko ba a kai wa masu binciken TÜV sun shigar da shi a takardun mota ba, yana iya soke izinin hawa titi na motar. A Amurka dokar tsabtar iska ta haramta cire na'urar tace hayaƙi daga motar titi, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi, suke kuma fiɗe ta ba tare da wani ya tambaye su ba. A 2016 ne masu sayar da kayan gyaran motoci suka fara kai ƙudiri majalisar dokokin Amurka domin a sassauta wa motocin da aka mayar na tsere.

Wa zai biya?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi kafin duk sauran. Inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta rufe abin da ya faru a filin tsere, kuma kowa na sa hannu a takardar yarda da haɗari kafin ya shiga. Al'adar ita ce kowa ya gyara tasa, ko da wani ne ya buge shi. Akwai inshora ta musamman ta kwana ɗaya, ga mai iya saya.

Nurburgring ya fi ko'ina tsauri a nan. A ranakun da ake buɗe shi ga jama'a, dokokin titin Jamus ne ke aiki: ta hagu kawai ake wuce mota, kuma 'yan sanda na iya binciken haɗari kamar na kowane titi. Wanda ya daki shingen ƙarfe shi zai biya kuɗin gyaransa, da na motar da ta janye shi, da na lokacin da aka rufe filin saboda shi. Kamfanonin inshora da na hayar mota da yawa sun ambaci filin da suna a cikin wuraren da ba ruwansu.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san wani abu mai kama da wannan, amma ba shi ba ne: wasan mota a bikin aure ko ranar kammala jarrabawa, a kan titin da yara ke tsallakawa da masu talla ke zaune. Sha'awar iri ɗaya ce da ta akawun da ke biyan kuɗi a ƙofar Nurburgring. Abin da babu shi ne duk abin da aka lissafa a sama: fili a killace, mai duba mota, mai riƙe tuta, motar asibiti a gefe, da sanin wanda zai biya tun kafin a tada inji. Afirka ta Kudu na da irin waɗannan filaye, kamar Kyalami, wanda ya karɓi Formula 1 har zuwa 1993, da Zwartkops kusa da Pretoria, da Killarney a Cape Town. A garuruwanmu kuwa amsar hukuma ba ta wuce kame da gargaɗi, sai wani bikin ya zo.

Ranar kanta

Da safe ana tara kowa a yi bayani, kuma wanda bai halarta ba ba ya shiga. Ana raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon gogewa, sabon shiga a ba shi malami a kujerar gefe. A Amurka ba a wuce mota a rukunin masu koyo sai na gaba ya miƙa hannu ta taga ya nuna gefen da za a bi. Ana koyar da tutoci: rawaya, akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba wucewa, ja, an dakatar da zango, shuɗiya, akwai mai sauri a bayanka, mai ratsin ja da rawaya, akwai santsi a kan kwalta, baƙa, kai ake kira, ka fito.

Kafin kowane zango ana kwashe komai daga cikin mota, har tabarmar ƙafa da gorar ruwa, domin gorar da ta gangara ƙarƙashin feda ta isa ta hana birki. Ana bin notocin wili da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, idan sun huce.

Zagayen ƙarshe a hankali ake yin sa, ba a taɓa birki sai dole, iska ta sanyaya faifai. Da an tsaya ba a jan birkin hannu, domin takalmi mai zafi zai manne wa faifan ya bar masa tabo. A sa giya, ko a tokare taya da katako. A buɗe bonet, a sha ruwa, a leƙa kaurin takalmin birki. Kafin a kama hanyar gida kuma a koma kan geji: iskar da aka rage da rana taya na da zafi, yanzu ta huce ta yi ƙasa, sai an mayar da ita.